Filin Tambayi Makanike: Injin gas zai iya shan baƙin man juye?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi. Tun da gas ya yi tsada mutane ke neman abin da za su zuba wa inji ya rage musu raɗaɗi, kuma ga alama maganar baƙin man juye, wato tsohon man da ake tsiyayewa daga inji in za a zuba sabo, ta zagaye gari. Na ware guda huɗu, zan amsa su da abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina kwance injinan gas a nan Jos.

Tambaya: Baba, barka da aiki, Allah ya ƙara lafiya. Ina da injin niƙa a Unguwar Rogo, ɗan Caina mai silinda ɗaya. Ranar da aiki ya kankama yakan sha lita 8. Wallahi yanzu in na cire kuɗin gas da na yaran da ke taya ni, abin da ke saura ba ya kai ni gida. Wani abokina ya nuna mini bidiyo a waya, Bature yana tace baƙin man juye yana ɗura wa motarsa, tana tafiya lafiya lau. Na gwada rabi da rabi, na tace da ƙyalle ninki uku. Kwana tara ke nan injin yana aiki, sai dai hayaƙi ya ƙaru, kuma da safe sai na wahala kafin ya tashi. In ci gaba ko in tsaya? Daga mai niƙa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Amin, ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Ka tsaya yau, kada ka bari sai gobe. Amma ba zan ce ka tsaya in yi shiru ba, domin na san abin da ya kai ka. A watan Janairun 2022 litar gas ba ta kai naira 300 ba, kafin Disambar shekarar ta haura 800, a ƙarshen 2023 kuma ta tsallake 1,000. Kuɗin niƙan mudu bai bi wannan gudun ba, kuma matar da ta aiko yarinya da masara ba za ta ninka maka kuɗi sau uku ba. Wanda ya kwana da wannan lissafin dole ya kalli duron baƙin mai da wani ido.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Injin gas yana ƙona baƙin mai. Shi ba shi da filogi, fistin ne ke matse iska sau 16 zuwa 20 har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya feso mai a cikinta ya kama da kansa. Duk mai da ya shiga wannan wutar zai ci, kuma ƙarfin da ke cikin litar baƙin mai bai gaza na litar gas ba. Ina yaron gareji na fara ganin haka. An kawo wata tirela da turbo ɗinta ya lalace, baƙin man injin yana tsiyaya ta hanyar iska. Muna tsaye injin ya ɗauki kuka, gudu yana ƙaruwa, direba ya kashe makulli ya zare shi yana riƙe da shi a hannu, injin bai san an yi ba. Farin hayaƙi ya rufe garejin har ba ka ganin na kusa da kai. Maigidana ne ya fizgi wani faffaɗan katako ya kifa a bakin da iska ke shiga, ya danne da ƙirji, sannan injin ya shaƙe ya mutu. Man jikinsa yake sha. Saboda haka in tambayar ita ce ko zai tashi, zai tashi. Abin da nake so ka duba shi ne abin da man ke bari a ciki bayan ya ƙone.

Fara da kauri. Ka ɗiga gas a yatsa ka ɗiga baƙin mai a ɗaya, ka murza. A ma'aunin masana, a zafin digiri 40 kaurin gas tsakanin 2 ne da 4 da rabi, shi kuwa baƙin mai irin 15W-40 da ake zuba wa manyan motoci ya haura 100. Ko ka dafa shi ya kai zafin tafasar ruwa, bai sauko ƙasa da 12 ba. Nozul kuwa an yi shi ne ya fasa mai ya zama kamar hazo, domin kowane ɗigo ya samu iskar da zai ci da ita cikin ƙiftawar ido. In ka ba shi mai kauri sai ya riƙa tsartar da shi kamar ruwan buta. Manyan ɗigon ba sa cinyewa. Wasu su fita a matsayin hayaƙin da kake gani, wasu su manne a bakin nozul su daskare, wasu su bi jikin silif, wato bangon silinda, su gangara cikin zobban fistin.

Mu a Jos abin ya fi yi mana muni, saboda dalili biyu. Na ɗaya sanyi. A Disamba da Janairu, da asuba ma'auni kan sauko kusa da digiri 10, ka karkata jarkar baƙin mai ka ga yana fitowa kamar zuma. Wahalar tashin da kake sha da safe ke nan. Na biyu tudu. Garin nan yana sama da teku da kusan mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas nauyi ba, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa da zarar ya hau tsaunin nan. Injin da dama iska ba ta isar sa, ka ƙara masa man da ya fi buƙatar iska.

Sai maganar ƙyallenka. Na yaba da ka yi ninki uku, amma ba zai yi ba. Tsakanin fulanja, ɗan ƙarfen da ke matse mai, da gidanta a cikin famfon gas, ratar ba ta wuce maikiron 2 ko 3 ba. Maikiron shi ne milimita ɗaya a raba ta gida dubu, kuma gashin kan mutum yana kai wajen 70. Garin ƙarfen da ya goge daga jikin injin da aka yi wa juyen, da ƙurar da ta shige shi, da kunkunniyar da ta baƙanta man, duk sun fi ramukan ƙyalle ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Suna wucewa, su je su riƙa cin fulanjar kamar yashi. Ranar da ta gama goguwa, ko gas mai kyau ka zuba ba za ta iya matse shi ba.

To ko da za ka samu na'urar tacewa ta gaske, irin mai juya mai da gudu har datti ya ware, akwai abin da ba ta cirewa, kuma shi ne ainihin abin da nake so ka riƙe. Baƙin mai ba mai ne zalla ba. Kamfanin da ya yi shi ya narka sinadarai a ciki, su kalsiyam da zink da fosfaras, domin su wanke inji, su kashe tsami, su hana ƙarfe cin ƙarfe. Sun narke ne kamar yadda gishiri ke narkewa a ruwa, ka kuma san ko sau goma ka tace ruwan gishiri ba zai daina ɗanɗanon gishiri ba. Waɗannan sinadaran ba sa ƙonewa, toka suke zama. Baƙin man injin gas yana barin toka wajen kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Gas mai kyau, ƙa'idarsa kada ya wuce kashi 1 cikin 10,000. Ninki ɗari ke nan. Yi lissafin da injinka: rabin lita 8 lita 4 ce, kowace lita tana barin toka kusan giram 9, a wata guda na aiki ka tura wa wannan ɗan injin toka kusan kilo guda. Mafi yawanta za ta fita ta salansa, ku shaƙa kai da yaranka da masu jiran niƙa. Wadda ta rage a ciki ta isa.

Bari in gaya maka yadda take kamawa, domin bara na buɗe irin injinka. Mai shi ya yi wata biyu da 'yan kwanaki yana ba shi wannan haɗin. Da muka ɗaga kan injin, saman fistin ya yi ƙanzo mai kauri, baƙi daga sama, da na kankare da ƙarfe sai ga fari-fari mai tauri a ƙasa kamar busasshen siminti. Bakin nozul ya fitar da wani tsiro na gawayi kamar ɗan ƙaho, ramukan feshin sun toshe saura guda. Bawul ɗin fitar hayaƙi ba ya zama daidai, gefensa ya cinye. Zobban fistin kuwa sun kafe a ramukansu, ba sa buɗewa ba sa motsi, sai da muka jiƙa su kwana guda a kananzir, duk da haka biyu sun karye a hannuna. Jikin silif ya yi zane-zane daga sama har ƙasa, kana sa farce kana jin su. Sai da ya sayi fistin da zobba da silif da nozul da fulanja da gasket a Dilimi, ga kuɗin aiki, ga kwana shida injin a kwance masu niƙa sun koma wani wuri. Ya zauna a kan benci yana lissafi da yatsu, ya ce mini abin da ya tara na rarar gas bai biya rabin wannan ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, domin ba ganganci ya kai shi ba, neman na tuwo ne. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

Za ka ce to Baturen bidiyo fa? Galibinsu tsofaffin injina suke amfani da su, masu famfo na ƙarfe zalla, wasu ma tsofaffin motocin sojan Amurka ne da aka ƙera musamman don su sha mai iri-iri. Suna da na'urar tacewa, suna dumama man, suna da tanki biyu, kuma da yawansu wasa ne suke yi da motar da ba da ita suke ciyar da iyali ba. Bidiyon ranar tashi ake ɗauka, ba kasafai ake ɗaukar ranar kwance inji ba. Wani kuma zai ce ai jiragen ruwa baƙin mai suke sha. Wannan wani mai ne daban, gindin ɗanyen mai ne da ke saura a matata, danginsa ne masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa ƙonawa a tukwanen tururinsu. Suna ne ya zo ɗaya a bakinmu. Jirgin ma sai ya dafa shi sama da digiri 100, ya tace shi da na'ura, sannan ya ba injin da ke juyi wajen 100 a minti. Naka yana yin sama da 2,000.

Abin da za ka yi yanzu: zubar da abin da ke tankin a jarka, ka wanke tankin da gas, ka canza filtar gas. Ka yi wa injin juye ko lokacinsa bai yi ba, domin man da bai ƙone ba ya riga ya gangara cikin kaskonsa. Ka cire nozul ka kai wa masu gwajin famfo su ɗora a na'ura, ka tsaya ka ga feshin da idonka: in hazo ne yake fita da ƙara tsaf-tsaf, alhamdu lillahi, in yana ɗiga ko yana tsartuwa gefe guda, a canza. Kwana tara ba su da yawa, in Allah ya so ka tsira da injinka.

In rage shan mai kake nema, akwai inda yake ɓuya a wurin niƙa. Garin da ke tashi yana toshe filtar iska cikin 'yan kwanaki, injin da ba ya numfashi kuwa mai yake sha ya fitar da baƙin hayaƙi. Ka riƙa kakkaɓe ta kullum, in da hali ka ja bututun iskar ya fita waje ta bango. Farantan niƙa in sun dakushe a kai a wasa su, domin dakusasshen faranti sai ya sa ka maimaita niƙa sau uku a inda biyu suka isa. Bel kada ya yi sako-sako. A daidaita bawul. Ka duba bututun gas, ɗigon da ke jiƙa ƙasa a ƙarƙashin injin kuɗi ne. Kuma ka daina tayar da inji saboda kwano ɗaya, ka sa wa unguwa lokaci, safe da la'asar, a tara a niƙa gaba ɗaya. Mata za su yi ƙorafi mako guda, daga nan su saba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina jan Hilux mai gas, ƙirar 2014, tsakanin Abuja da Jos. An ce in na sirka baƙin man da fetur kaɗan zai tsinke ya koma kamar gas. Gaskiya ne? Daga direba, Mararraba.

Amsa: Malam direba, kai kam ko cokali ɗaya kada ka kuskura. Irin motarka galibi komon rel ce, wato sabon tsarin da kwamfuta ke sarrafa feshinsa. Tsohon nozul yana buɗewa ne a matsin da ya kai 200 ko kusa da haka a ma'aunin bar, naka tsarin yana aiki a 1,600 zuwa sama, ramukan feshinsa kuma sun yi kusa da kaurin gashi. Abin da tsohuwar Marsandi 911 za ta haɗiye ta yi tari ta wuce, taka injakta huɗu da famfo za ta ajiye maka, watakila a hawan Kibo da dare. Je ka tambayi kuɗin injakta guda ɗaya a Apo, ka ninka sau huɗu, sannan ka dawo mu yi maganar rara.

Sirkin fetur kuwa, e, yana tsinka man, amma ya ƙara matsala biyu a kan tokar da ke nan daram. Fetur an yi shi ne ya ƙi kamawa da matsi, sai da tartsatsin filogi, wato kishiyar abin da injin gas ke so. Sai wutar ta makara sannan ta kama gaba ɗaya, ka ji injin yana buga ƙarfe. Na biyun ya fi ba ni tsoro. Gas ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya yi zafin da ya haura digiri 55, shi ya sa muke sakaci da shi a gareji. Fetur ko a cikin ƙanƙara yana fitarwa. Da zarar ka haɗa su, tankinka da jarkarka da duron da ka ajiye a gida sun koma abin da tartsatsi ɗaya ya isa. Wasu har ɗora duron suke yi a kan murhu wai su kori ruwan da ke ciki. Don Allah duk wanda ya ga ana wannan a unguwarsu ya hana.

Ka kuma tuna ba ka san abin da ke cikin duron mai juye ba. Ni mai gareji ne, na san abin da yara ke zubawa a ciki: man giya, man birki, ruwan lagireto, fetur ɗin da aka wanke kayan inji da shi, ruwan saman da ya shiga da damina. A wasu wuraren har da man taransifoma, wanda tsohonsa kan ƙunshi guba mai tsanani in aka ƙona shi.

Tambaya: Salamu alaikum Baba. Ni manomin rani ne, ina ban ruwa daga kududdufin kuza, tumatir da kabeji da karas. Injina Lista ne na gado, tun na mahaifinmu. Idan na yi masa juye da hannuna, man nasa ne, na san ba a zuba masa komai ba. Shi ma haramun ne in mayar masa a tanki? Kuma na ji an ce man gyaɗa ma yana yi. Daga manomi, Barikin Ladi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya bar maka abin kirki. Listan nan mai doki 6, juyi 650 kawai yake yi a minti, an fara yin sa a Ingila, daga baya Indiyawa suka ci gaba da kwaikwayonsa a garin Rajkot. Saboda yana tafiya a hankali, man yana samun lokacin cinyewa, kuma famfonsa ba shi da tsirfa. A duk injinan da ke ƙasar nan shi ne ya fi haƙuri da mai mara kyau.

Don haka kai ba zan ce maka haramun ba, zan dai gaya maka iyaka. Tsofaffin littattafan wasu kamfanonin inji na Amurka sun yarda a mayar da man juye cikin gas, da sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma a tace shi da filta ta gaske. Kamfanin Cummins har na'ura ya yi mai suna Centinel, wadda ke ɗiban man injin kaɗan-kaɗan tana haɗawa da gas yana ƙonewa. Amma ka lura, manufarsu ita ce a rabu da tsohon mai ba tare da an zubar a ƙasa ba, ba wai a maye gurbin gas ba. Kashi 5 cikin 100 lita ɗaya ce a jarka mai lita 20. In za ka yi, ka bar man ya kwanta mako biyu ko uku a rufe, ka tsiyaye na sama ka bar na gindi. Ka ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, in ya yi tsatsa kamar ruwa ya faɗa a man suya, akwai ruwa a ciki, kada ka sa. Ka bi da shi ta sabuwar filtar gas, ka girgiza shi da gas sosai a jarka kafin ya shiga tanki, kada ka zuba shi kai tsaye domin gindi zai kwanta. Da sanyin asuba na watan Janairu ka bar shi, ka tayar da gas zalla. Ka kuma riƙa duba nozul fiye da yadda ka saba. Ni da nawa ne, da na sayar da man na huta, domin rarar lita ɗaya cikin 20 ba ta kai darajar injin da ba a samun irinsa yanzu ba. Amma injinka ne.

Abin da zan roƙe ka shi ne kududdufin. Kada ka yi juye a bakinsa, kada ka wanke jarka a ciki. Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ce galan guda na tsohon baƙin mai yana iya ɓata ruwa galan miliyan guda, kududdufin kuza kuwa ba ya gudu balle ya wanke kansa. Abin da ya shiga ya zauna, daga nan ya bi tiyo zuwa gindin kabejin da za a kai Farin Gada.

Man gyaɗa gaskiya ne. A babban bajekolin birnin Faris na 1900 an nuna injin gas yana aiki da man gyaɗa, shekara uku bayan Rudolf Diesel, Bajamushen da injin ke ɗauke da sunansa a Turance, ya samu nasa ya yi aiki a 1897. Shi ba shi da matsalar toka irin ta baƙin mai, sai dai ya fi gas kauri wajen sau goma, kuma yana daskarewa ya yi danƙo a zobba. Ballantana ka je kasuwa ka tambayi kuɗin kwalba.

Tambaya: Baba, ina wuni. Ni ba ni da inji, maƙwabcinmu ne ke da babban janareta na gidan ƙanƙara, bangonmu ɗaya. Kwanan nan hayaƙinsa ya canza, ya koma shuɗi-shuɗi mai wari, yana shigo mana ɗaki, autana ba ta barci saboda tari. Yaransa sun ce baƙin mai suke haɗawa, ragowar kuma a kwata suke zubarwa. Yana da illa ko ni ce na cika tsoro? Daga uwar yara, Gangare.

Amsa: Lafiya lau, Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Ba tsoro ba ne, hancinki ya gaya miki gaskiya. Hayaƙin gas mai kyau ma ba abin shaƙa ba ne: a watan Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu. Shuɗin da kike gani man da bai gama ƙonewa ba ne, tare da tokar ƙarafan da na ambata a sama. Ƙirjin yaro ƙarami ne, numfashinsa ya fi na babba sauri, shi ya sa ita ta fara nunawa. Ki kai ta asibiti a duba ta, ki gaya wa likita maganar hayaƙin ƙarara, kuma ki canza mata ɗakin kwana zuwa wanda ya fi nisa da bangon. Idan wani a gidan ya fara tashi da ciwon kai da jiri, ku fita waje nan take, wannan alamar iskar guba ce da ba ta da wari.

Su ma yaran nasa abin tausayi ne. Tsohon baƙin mai in ya daɗe yana zama a fata yana da haɗari, shi ya sa a garejina ba na barin yaro ya ci abinci sai ya wanke hannu da sabulu, kuma na hana wanke hannu da fetur. Wanda suke zubawa a kwata kuwa, ruwan farko na damina zai kwashe shi zuwa rafin Dilimi, inda masu lambu ke ɗiba, wani kuma ya nutse ya tarar da rijiyoyin unguwa. Alhali akwai masu zagayawa gareji-gareji suna sayensa da kuɗi, masu buga bulo ma suna nema don shafa wa abin bugu.

Ki sa maigida ya same shi tsakaninsu su biyu, bayan sallah, ba a gaban yaransa ba. Ya fara da maganar janaretan, ya nuna masa wannan shafin ya karanta abin da toka ke yi wa fistin, domin mai sana'a ya fi saurin jin maganar da ta shafi jarinsa, kuma mai yiwuwa bai san hayaƙin yana kai wa ɗakinku ba. Ya roƙe shi abu uku: ya koma gas zalla, ya sa a ƙara wa salansa bututu ya haura saman rufi ya kau da bakinsa daga tagarku, ya ajiye duro mai murfi don tara man juye. Bututun aikin yini ɗaya ne a wurin mai walda. In ya ƙi, a kai wa mai unguwa da limami. In nan ma ba a dace ba, akwai hukumar tsaftar muhalli ta jihar Filato, akwai kuma NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya da aka kafa a 2007, aikinsu ne su zo su gani. Ki rubuto mini wata mai zuwa in ji yadda jikin yarinyar yake.